Kwalaben Baffa da Ruwan Tabki

Baffa ya rasu ranar Lahadi da hantsi, zaune a kan tabarmarsa, da kofin ruwa a hannu bai kai shi baki ba. Na Allah ne mu, wurinSa kuma za mu koma. Bakina ya faɗi haka nan take, amma zuciyata ba ta yarda ba sai da na ga an fita da makara. Kafin azahar an kai shi makwancinsa, kafin la'asar gidan ya cika har babu inda za a ajiye takalmi.

Ina zaune kusa da Inna, matarsa, ina jin abin da masu gaisuwa ke cewa. Matan da suka zo daga Birnin Malam suka ce ai mutum ne mai haƙuri. Na sunkuyar da kai kawai, domin Baffa ba shi da haƙuri ko kaɗan. Taurin kai gare shi, irin wanda in ka hango daga nesa sai ka ɗauka haƙuri ne. Daga zaure ana jiyo maza suna cewa an yi rashin mutumin da ya san ruwa, alhali wasunsu su ne jiya-jiya suke kiransa mai kwalabe suna dariya. Gwaggo, ƙanwarsa, ta iso daga Maiyama da kuka tun daga ƙofar gida, ta faɗa jikin Inna. Amma ko a cikin kukan na ga idonta yana zuwa kan ƙaramin ɗakin da ke kusa da rumbu, wanda Baffa ke rufewa da kwaɗo.

Wanda ya karya mini zuciya shi ne wani tsohon makiyayi, abokin Baffa, da ya tako a ƙasa washegari tun daga wajen Sarandosa. Bai zauna a zaure ba. Ya tsuguna a bakin ƙofar cikin gida, ya jingine sandarsa, ya yi wa Inna gaisuwa, sannan ya ce, "Allah shi jiƙan Malam. Ya tahi da maganar tabki cikin bakinai."

Babu wanda ya gane nufinsa sai ni da Inna. Akwai tambayar da Baffa ya ɗauki alkawarin amsawa: wani sinadari da ke cikin duro-duron mijina, in ya shiga ruwan tabkinmu, zai ƙare ne ko zai zauna? Ya rasu saura kwana shida amsar ta fito. Saboda wannan maganar nake rubutun nan. Ba na so a tuna da shi a matsayin tsoho mai haƙuri kawai, ba na kuma so a binne abin da ni na yi tare da shi.

Baffa yayan mahaifina ne. Mahaifina ya rasu ina goye, shi ya riƙe ni, shi ya sa ni makaranta har na zama malamar kimiyya, shi ya aurar da ni. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, don haka bai taɓa kirana da suna ba sai Uwata, ko da kuwa zai zane ni ne. Ƙarfinsa duk ya ƙare a wata masaƙa a Kaduna, ba wurin saƙa ba, a ɗakin gwaji, inda yake auna ruwan rini kafin a sake shi zuwa rafi. Da masaƙar ta rufe ya dawo Jega da akwatin ƙarfe guda mai nauyi, 'yan uwa suka taru suna murna za a raba yadi. Aka buɗe, sai kwalabe, kowace naɗe cikin tsohuwar jarida, kowace da murfinta na gilashi. Inna ta yi shekaru tana ba da labarin nan. "Kowa ya baro masaƙa da zane," in ji ta, "nawa ya baro ta da kwalabe."

Ba ya iya wuce ruwa bai duba ba. In ya je gidan mutane aka kawo masa ruwan maraba, sai ya ɗaga moɗar wajen haske, ya sunsuna, ya tambayi rijiyar da aka ɗebo, sannan ya sha ko ya ajiye. Sau nawa Inna ta so ƙasa ta tsage ta shige! Shi kuwa ko a jikinsa, har yana mamakin abin da ya sa matar gidan ta ɗaure fuska.

Ina 'yar firamare ya taɓa sa ni gaba da kofi biyu na ruwan tabki. Ya zuba sukari a ɗaya, gishiri a ɗaya, ya ce in motsa. Na motsa har suka ɓace. Ya tambaye ni ina suke, na ce sun narke, sun ƙare. Ya rufe su da faifai ya ɗora kan katanga. Bayan mako guda ya kira ni. Mai sukarin ya yi dishi-dishi ya yi tsami, zaƙin ya tafi. Mai gishirin na taɓa da harshe na tofar.

"Talakawan ruwa sun ci sukari," ya ce. "Gishiri kuwa shina nan, ɓoyewa ɗai yay yi. Narkewa daban, ƙarewa daban, Uwata."

Talakawan ruwa shi ne sunan da ya sa wa ƙananan halittun nan da ido ba ya gani, masu cinye ƙazantar da ta faɗa ruwa. Ya ce su ke aikin, ba a ganinsu, ba a gode musu. In ya yi maganarsu har muryarsa na yin laushi, laushin da ban cika jin ya yi wa mutane ba.

Abotarsa da makiyayin nan ma ruwa ne ya haɗa. Wata shekara shanun mutumin suka yi ta zawo, aka ce masa ya zo wurin mai kwalabe. Baffa ya bi shi a ƙasa suka zagaye tabki, har suka iske inda masu garka ke ɗauraye famfon feshi a bakin ruwa. Bai kai ƙarar kowa ba. Ya ɗauki fartanyarsa da shebur, ya yi kwana uku yana haƙa rami can nesa da ruwa, sannan ya bi garka garka yana roƙon a riƙa ɗauraya a can. Wasu sun ji, wasu sun zage shi, ya rama daidai da daidai, domin bakinsa ba ya shiru in an taɓa shi. Tun daga nan ba a taɓa yin damina ba ƙwaryar man shanu ba ta zo gidanmu ba. In suka zauna hira rabi Hausa rabi Fillanci, sai ka rantse faɗa suke.

Tabkin da nake magana yana kan hanyar Katanga. Ta gabas shanu ke sha, ta yamma masu albasa ke kafa injin ban-ruwa, a tsakani mata na wanki. In rani ya shiga ba ya malala ko'ina. Abin da ya faɗa ciki a nan zai kwana, ruwan kuma kullum raguwa yake.

Bana, daidai lokacin dashen albasa, mijina ya sayo shuɗɗan duro na roba mota guda, waɗanda wata masana'antar fenti ta gama amfani da su. Sana'arsa ke nan, ya wanke ya sayar wa masu garka da masu tara ruwa a gida, da ita muke ci. Sai dai waɗannan sun zo da saura a gindinsu, wani ruwa mai kauri, ba launi, ba wani wari na a zo a gani. Wanda ya sayar masa ya ce kada ya damu, ruwa na narkar da shi. Wankin duro mota guda ba aikin rijiyar gida ba ne, don haka ya yi niyyar kai su tabki.

Ana haka Baffa ya zo duba yara. Mijina na jin sallamarsa ya sulale ta ƙofar baya, kamar yadda ya saba. Shekara goma sha ɗaya da aurenmu, ban da gaisuwa a durƙushe, ba su taɓa haɗa magana biyu ba. Wannan ba ƙiyayya ba ce, kunyar surukai ce, kuma a wurinmu abin yabo ne. Duk abin da ɗaya ke son faɗa wa ɗaya, ta bakina yake bi. Baffa ya sa tabarau ya karanta takardar da ke manne jikin duro, ya karkata shi ya tsiyayi kaɗan a kwalbar da ba ya rabuwa da ita a aljihu.

"Ki ce ma mijinki shi ba ni kwana ashirin da takwas," ya ce. "Ban ce guba na ba. Na ce ban sani ba ko talakawa na cinai."

Na isar da saƙon. Mijina ya dubi duro-duron da suka cika mana tsakar gida, ya ce to. Ba ya iya cewa wani abu ban da to.

Ranar Asabar na je na taya Baffa shiri. Ya samo magungunan awo daga wani da ya taɓa koya wa aiki, wanda yanzu ke ɗakin gwaji na wata makaranta a Aliero. Muka jera kwalabe layi uku. Layin farko ruwan tabki zalla. Na biyu ruwan tabki da ɗan sukari, don a tabbatar talakawan na raye kuma suna jin yunwa. Na uku ruwan tabki da ɗan abin duro, ɗigon da ya auna sau uku kafin ya yarda. Kowace kwalba a cika ta har baki, a rufe ba tare da ƙwayar iska ta maƙale ba. Na bar ƙwaya ɗaya a wata kwalba, ƙarama kamar ƙwayar gero, ya zubar ya ce in sake. Dabarar ba ta da wuya. A cikin ruwa akwai iskar da kifi ke shaƙa, talakawan ruwa ma da ita suke aiki. In suna cin abu, iskar kwalbar za ta ragu. In ba su taɓa shi ba, za ta zauna kusan yadda take a ruwa zalla. Duk Asabar a buɗe kwalba biyu daga kowane layi a auna, har Asabar huɗu. Da yake ba a son haske ko zafi su taɓa su, sai ya binne su cikin jiƙaƙƙen yashi a manyan randuna biyu, a ƙaramin ɗakin nan, ya sa kwaɗo.

Tsoho ya binne kwalabe a ɗaki mai duhu ya sa kwaɗo: ba sai na faɗi abin da gari ya ce ba. Kafin mako guda labarin asiri ya kai Maiyama.

Limamin unguwarmu, sa'an Baffa ne kuma abokin wasansa, ya zo zaure don ya tsokane shi. Na kawo musu fura, na laɓe bayan ƙofa ina ji. Liman ya ce shi dai abin da ya karanta, in ruwa mai yawa launinsa da ɗanɗanonsa da ƙamshinsa ba su jirkita ba, to yana nan da tsarkinsa, mene ne na wahalar da yaron mutane?

"Alwala ta yi, ban musa maka ba," in ji Baffa. "Ni ba alwala ni ka tambaya ba. Saniya ba ta alwala, sha ta ka yi, yau da gobe da jibi. Kai ka riƙe littahinka, ka bar ni da kwalabena."

Liman ya yi dariya ya ce Allah shi shirya. Suka shanye furar tare.

Makiyayin ma ya ji labari ya zo. Shi Baffa ya gaya masa cewa bai san komai ba tukuna, amma wanda bai sani ba gara ya janye shanunsa har ya sani. Mutumin bai ƙara tambaya ba, ya kaɗa garkensa zuwa wajen Sarandosa, inda ruwa ke da nisa da wurin kiwo, yana jiran ranar da za a ce masa ya dawo.

Ni kuwa a gidana wuta nake sha. Masu saye suna zuwa suna komawa, suna zuwa wurin wani. Yara ba su da wurin wasa, ni ba ni da wurin shanya. Mijina ba ya faɗa, ajiyar zuciya yake yi, kuma wallahi da ya yi faɗan da ya fi mini sauƙi. Kullum in na dawo daga makaranta sai ya tambaye ni ko Baffa ya aiko. Na tsinci kaina tsakanin maza biyu masu kunyar juna, kowanne ya ɗora mini kayansa.

Asabar ta biyu na isa gidan Baffa a wuya. Na iske shi ya gama awo yana rubutu a littafinsa, yana ganina ya rufe shafin da tafin hannu.

"Baffa, mi kwalabe sunka ce?"

"Sun ce saura kwana goma sha huɗu."

"Ai ka gani da idonka. Ka ce i ko a'a, in samu lahiya gidana."

"In nic ce i yau, na yi ƙarya. In nic ce a'a, na yi ƙarya. Akwai abin da talakawa ka ɗaukar mako ukku kahin su koyi cinai. Ba a yanke musu hukunci ba a ba su kwanansu ba."

Na san gaskiya ya faɗa, ai ni ma abin da nake koya wa 'yan makaranta ke nan. Amma raina ya riga ya ɓaci, kuma halin nan nasa na gado ne, a wurinsa na sha shi. Na ce, "Masaƙa ta mutu, Baffa. Kai ɗai na ba ka ji ba. Wa ka jiran takardarka yanzu?"

Inna da ke tankaɗe ta tsaya cak. Na jira ya zage ni, don na cancanta, kuma da ya zage ni da yanzu na fi samun sauƙi. Bai zaga ba. Ya cire tabaransa ya goge da bakin riga, ya ce, "Ki hwaɗa ma mijinki shi ƙara haƙuri. Kada duro ko guda shi taɓa tabki sai na aiko. Kin ji, Uwata?"

Na miƙe tsaye. Na ɗauki mayafina na fita. Wannan ce magana ta ƙarshe tsakanina da mutumin da ya goya ni.

A gida mijina ya tare ni tun ban cire takalmi ba. "Mi Baffa yac ce?"

"Bai ce komi ba. Ka ƙyale ni."

Haushi ne kawai. Na gaji da zama jakar saƙo, na ce bari yau ɗaya in ajiye. Bayan kwana biyu na dawo daga makaranta na iske an kwashe duro-duron. Na share tsakar gidana, na ɗaura igiyar shanya, na ji daɗi. Na ɗauka ya kai su ajiya garkar ƙanensa, kuma ban tambaya ba, domin ba na son jin sunan duro. Asabar ta uku ban je gidan Baffa ba, ina jira ya aiko a lallashe ni. Washegari aka aiko, amma da labarin rasuwarsa.

A kwana na biyu na zaman makoki Gwaggo ta ja ni gefe tana neman makullin. Da ta ga ba ni da shi ta je wurin Inna. "A zubar da su kahin maza su shigo duba kayanai," ta ce. "Ba ni son a ce yayana ya mutu da asiri binne cikin ɗaki." Ban ga laifinta ba, sunan ɗan uwanta take karewa yadda ta iya.

Inna ba ta iya karatu ba, ba ta taɓa tambayar abin da awon ke nufi ba. Ta tashi da farin mayafinta na takaba, ta ja tabarmarta ta shimfiɗa a bakin ƙofar ɗakin ta zauna. "Shekara arba'in ina wanke kwalabenga," ta ce, "ban taɓa ganin aljani ciki ba. Mai son zubar da su shi tsallake ni." A nan ta karɓi sauran gaisuwa duka. Safe da yamma ta buɗe kwaɗo ta shiga da buta ta jiƙa yashin, ta fito ta rufe.

Ita ta gaya mini cewa Asabar ta uku Baffa ya fito da kujerata 'yar tsuguno ya ajiye kusa da tasa, ya yi ta duban ƙofa, sau biyu yana tambaya ko Uwata ta zo. Da ban zo ba ya yi awonsa shi kaɗai, sannan ya daɗe yana rubutu. Ta miƙo mini littafin. A shafin ƙarshe ya jera yadda ake yi ɗaya bayan ɗaya da manyan baƙaƙe, kamar yana rubuta wa 'yar firamare, ya ja layin Asabar ta huɗu ya bar shi fili. "Yac ce in ba shi nan, ke za ki buɗe," in ji Inna.

Addu'ar bakwai ta faɗo ranar Asabar ɗin. Da hantsi, bayan maza sun shafa sun fara watsewa, na shiga ɗakin na tone kwalabe shida na ƙarshe. Yashin na nan da sanyinsa. Na fara da ruwa zalla: na ɗiga magungunan bi da bi, ruwan ya koma kalar shayi, na sa sitaci ya koma shuɗi, sannan na yi ta ɗigo daga wata doguwar kwalbar awo mai famfo har shuɗin ya ɓace. Yawan ɗigon shi ne yawan iskar da ta rage, kuma ta rage da yawa, haka ya kamata. Mai sukari ko kalar shayin ba ta yi kirki ba, ɗigo kaɗan ta washe. Talakawa na raye, sun ci sun ƙoshi.

Na ɗauki ta abin duro ina addu'a a raina ta washe da wuri. Na ɗiga, na ɗiga, shuɗin na nan. Bai ɓace ba sai da na kai kusan inda ruwa zalla ya kai. Na ce hannuna ne, na ɗauki ta biyu na yi a hankali kamar yana tsaye a kaina. Haka ta bayar. Na duba layukan Baffa na Asabar uku, duk haka suke. An ba talakawa kwanansu ashirin da takwas cif, ba su taɓa abin ba. Na rubuta a layin da ya bar mini, na rubuta iyakar abin da kwalabe suka ce: ba su ce guba ne ba, ba su ce ba guba ba ne, sun ce yana nan.

Na aika aka kira mini mijina bayan zaure. Mako guda yana hidimar makokin nan, shi ke shimfiɗa tabarmi shi ke naɗewa, idonsa ya yi ja don kuka na gaskiya. Na ce masa amsa ta fito, kada ya kai duro tabki, mu nemi wata hanya.

Ya dube ni kamar bai ji Hausa ba. "Na wanke su."

"Yaushe?"

"Tun makon da kinka ce bai ce komi ba. Dut na wanke, har an kwashe rabi." Ya ga fuskata, ya yi saurin ƙarawa. "Babba ya duba abu mako biyu, an tambaye shi bai hana ba, mi ar rage? Nic ce bai ga komi ba na, nauyi shi ka ji shi janye maganatai. Ni ba ni iya tsayawa gabanai in tambaya, kin sani. Ke ta bakina gare shi, ke ta bakinai gare ni."

Na so in yi masa ihu, na buɗe baki na rasa ta inda zan kama shi. Sai na gaya masa saƙon Baffa, kalma da kalma, mako biyu bayan an ba ni shi. Ya dafa bango ya zauna a ƙasa. Ana ta wucewa da kwanukan sadaka ta gefenmu.

Washegari da safe na tafi tabki ni kaɗai. Ban san abin da nake tsammanin gani ba, kumfa ko matattun kifi ko wani baƙi-baƙi a bakin ruwa, abin da zan nuna wa mutane da yatsa. Babu ko ɗaya. Ruwan garau yake, har ana hango yashin gefe. Injinan ban-ruwa na ta ruri, ruwa na bin kwalbatoci yana shiga fangalin albasa kore shar. Wani mutum na tsugune yana kurkure baki. Na ce masa kada ya haɗiye, ya kamfato ruwan a tafi ya duba, ya sunsuna, ya dube ni da tausayi, irin duban da ake yi wa wadda mutuwa ta taɓa wa kai. Ban taɓa jin tsoron ruwa mai datti kamar yadda na ji tsoron wannan mai kyau ba.

Ta gabas, inda sawun shanu ya bushe a laka, na hango makiyayin tsaye shi kaɗai, sanda a wuya. Na zagaya na same shi, na durƙusa na gaishe shi. Ya ce shanu sun rame, tafiyar ruwa ta yi musu nisa, masu ciki biyu sun kwanta. Ya ce jiya ya jira a ƙofar gida har aka watse, bai ga wanda zai tambaya ba.

"Ɗiyar Malam, kin buɗe kwalabe?"

"Na buɗe, Baba."

"To?"

Na gaya masa duka, har da abin da na yi. Ya juya yana duban ruwan.

"Kada ka maido shanu," na ce.

"Har yaushe?"

Na nemi amsa a duk abin da na karanta da duk abin da Baffa ya koya mini, na nemi ko da ƙaryar da za ta sanyaya masa rai ce. Ban iya ba.

"Ban sani ba."

Ya gyaɗa kai a hankali. "Haka Malam ka cewa," ya ce. Ya gyara sandarsa, ya juya ya kama hanyar Sarandosa.

Allah Ya jiƙan Baffa, Ya yalwata masa makwanci, Ya shayar da shi ruwan da ba ya bukatar awo. Ya ba Inna ƙarfin kammala takabarta. Ni kuma ku sa ni a addu'a, domin saƙo na ƙarshe da ya roƙe ni in kai, na kai shi ne bayan an yi masa addu'ar bakwai.